Rahoton da Ya Kashe 'Yan Fari

Birnin Konni, farkon kaka

Zuwa ga Malama Hidaya, mai koyar da lissafi a Illela, 'yar Gwaggona Gimbiya, taubashiyata kuma baiwata ta gado.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ubangida ga na ƙasa da shi, tare da tambayar lafiyar maigidanki, da yara, da ɗaliban nan da Allah ya jarraba da ke.

Kin daɗe kina tambaya me ya hana ni kiran waya kamar sauran bayin Allah. Waya ta dillalan albasa ce. Abin da ke bakina na tarihi ne, kuma tarihi ba a sakinsa cikin iska. Don haka na damƙa takardar nan a hannun wanki Tanimun direba, na ce ya sa ta a aljihun ƙirji, kada ya cusa ta tsakanin buhunan wake.

Kin san ƙungiyarmu mai kula da lafiyar mata da yara ta tura matasa da na'urorin hannu gida gida, a ƙasar Konni da Malbaza da Illela. Tambayoyin da suka ɗauka, wannan hannun ne ya tsara su. Uku ne ƙashin bayansu: Wace shekara kika yi haihuwar fari? Haihuwarki nawa? Faɗi sunayen 'ya'yanki masu rai da shekarunsu. Sauran aikin na na'ura ne. Ta ɗebe yawan sunaye daga yawan haihuwa, abin da ya rage kuwa, Allah ya jiƙansa. Ki dubi tsabtar wannan tsari, ke da kike cin abinci da lissafi. Ba a tilasta wa uwa ambaton mutuwa ba, amma mutuwar ta bayyana da kanta.

Da amsoshi suka taru a buro, wato ofishinmu, na zauna a kansu, sai na ga abin da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba. A cikin birni lissafi yana tafiya daidai. A ƙauyuka kuwa, kusan kowane gida da giɓin yaro guda. Kuma kullum na farko ne, domin babba a cikin waɗanda aka ambata ƙarami ne a kan shekarar haihuwar fari. Hidaya, 'yan fari suna ƙarewa a ƙasar nan, mutane suna ta casar gero ba su sani ba!

Nan take na yi wa bayanan tambayar da masani kaɗai ke iya yi: me ke kashe su? Amsa ba ta wahalar da ni ba. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, a hannun ungozomar gari. Akwai ma wani ƙauye da abin ya fi muni, inda ungozoma guda ce ke karɓar kowa. Ban san sunansa ba, domin Darakta Alkasum yakan ɓoye mana sunaye ya ba mu lambobi, saboda adalci. Ƙauye na Sha Bakwai, haka na san shi, kuma haka na rubuta cewa a dakatar da matar nan kafin ta ƙarasa sauran. Darakta ya sa hannu. An ce in zo Tawa in karanta rahoton a gaban manya. Na riga na ba tela shadda.

Idan kin leƙa gida, ki gaida Innata da kyau. Ki gaida Gwaggo, ki ce mata jaririn da ta yanke wa cibiya ya girma, yana ceton jarirai da alƙalami.

Wassalam. Ubangidanki, wanda za ki yi alfahari da shi ko ba ki so,
Ɗayyabu, Mai Nazarin Bayanai.

*

Illela

Zuwa ga Ɗayyabu.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigida yana amsawa. Gaisuwata ke nan, ba ni da sauran ta yau.

Na je garinmu, Gidan Na'Allah, ranar hutu, kamar yadda na saba. Na tarar da Innata, Gwaggonka, zaune a ɗaki da rana tsaka, ƙofa a saye. Matar da ka sani, wadda ba a taɓa samunta a gida ba sai in kaza ce ke nemanta.

Majo, mai kula da likita, ƙaramin asibitin garinmu, ya zo mata da takarda daga Konni. Shi kansa kunya ta hana shi shiga, a zaure ya tsaya. Ya karɓe akwatin aikinta, wanda aka ba ta bayan horo, mai almakashi da safar hannu da zaren cibiya. Ya ce kada ta sake taɓa mai naƙuda, kada ma ta raka ta likita kamar yadda take yi. Kafin la'asar magana ta gama gari. A bakin rijiya ana cewa hannun Gimbiya ke cin ɗiyan fari. Matan da ta karɓa da hannunta, ta karɓi ɗiyansu, su ne ke janye goyo idan ta gifta. An yi suna a gidan Yahuza mai kura, ba a aiko mata ko goro ba.

Na ce, “Inna, mi kika yi?”

Ta ce, “Sun ce takarda ta ce. Ni ina na iya gardama da takarda?”

Na ce, “Kin san wanda ya rubuta?”

Ta ce, “Wani mai ilimi ne a Konni. Ki tambayi Ɗayyabu, shi da ya san manya, ko zai roƙa mini shi.”

Ƙauyenka na Sha Bakwai ke nan, ranka ya daɗe. A cikinsa aka binne cibiyarka. Ban faɗa mata ba, don ban sami bakin faɗa ba. Ta ƙulla maka ƙuli-ƙuli a leda, Tanimun zai ba ka. Ka ci lafiya.

Ka kuma sani ƙanwarka Latifa ta dawo gida goyon ciki, wata ya kusa. Ta ce ita Gwaggo take so a kanta, ko a gida ko a likita. Dangin mijinta sun aiko cewa ba su yarda ba.

Yanzu bari baiwa ta yi tambaya. Idan ɗalibina ya yi lissafi ya samu cewa jaki ya fi motar gero nauyi, ba na barinsa ya tafi wurin tela. Nakan ce ya koma ya dubi jakin. Ka tambayi abin da ya kashe 'yan fari. Ka tambaya ko sun mutu? Ina kaburburan? Wa ya haƙa su? Kai da kake zuwa garin nan kowace salla, ta'aziyya nawa ka yi? Kuma ita na'urar taka, da ta ga gurbi babu suna, wa ya gaya mata cewa mutuwa ce kaɗai ke hana uwa faɗin suna?

Ka je wurin Daraktanka ya buɗe maka sunayen. Kada ka wahala da gari duka. Ka dubi amsar gidanku.

Allah ya sa mu gama lafiya.
Hidaya.

*

Birnin Konni

Zuwa ga Malama Hidaya, 'yar Gwaggo, wadda ban ƙara kiranta baiwa ba sai abin da hali ya yi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, idan ana karɓar gaisuwar mamaci.

Na yi abin da kika ce. Darakta ya buɗe mini sunaye, na nemi gidan marigayi mahaifina, na sami amsar Innata Mariyama. Haihuwa shida. Masu rai: Saminu, Wasila, Tijjani, Shamsuddin, Latifa. A ƙasa, cikin jan rubutu, na'urar da na koya wa hikima ta rubuta: ɗan fari, ya rasu.

Na daɗe ina kallon wannan layi. Ban san iya lokacin ba. Na shafa ƙirjina na ji yana aiki. Mai shara ta shigo ta gaishe ni, na amsa a hankali, kamar wanda ke tsoron a gane shi. Shekarata talatin da 'yan kai a duniya, ban taɓa jin sunana a bakin matar nan ba. “Wancan.” “Yaron nan.” Tun da na sami aiki kuwa na zama “na Konni.” Na san wannan tun kafin in san haruffa. Na san uwa a garinmu ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Amma da na zauna a kujera mai juyawa, na aika yara baƙi su tsaya a tsakar gida, a gaban surukai da maƙwabta, su ce wa dattijuwa ta jero sunaye. Ta jero waɗanda bakinta ke iya ɗauka. Saura ni na kashe su.

Na ci gaba da dubawa, domin mai kunya ba ya iya daina sosa inda ke masa ciwo. Wanki Tanimun ya rasu. Ki lura, mamaci ne ke kai mana wasiƙu, kuma har yanzu yana gudu fiye da ƙa'ida. Yahuza mai kura ya rasu. Ladan ya rasu, yana ta kiran salla bai sani ba.

Ƙuli-ƙulin Gwaggo yana kan tebur. Ban iya ci ba, ban iya kyautarwa ba, ban iya kallonsa ba. Na rufe shi da rahoton, sai na ga abin ya fi muni.

Ba zan ɓoye miki ba, zuciya ta kawo mini shawarar in ɗora laifin a kan na'ura, ko a kan matasan da suka yi yawo cikin rana. Na gwada jimlar a bakina, ta ƙi fita. Sai na shiga wurin Darakta na faɗi gaskiya, cikin murya wadda ni kaina da ƙyar na ji.

Ya cire tabarau, ya kira ni da “Malam” ɗin Faransanci, ya ce, “Mushe Ɗayyabu, makon jiya ka kawo mini annoba da zane-zane masu launi. Yau ka kawo mini labarin Innarka. Rahoto ya riga ya isa Tawa. Ba na janye takarda da hira. Ranar kasuwar garinku zan zo da kaina. Iyayen su yi magana a gabana, in ji da kunnena.”

To, ki kwantar da hankalinki. Wanda ya ɓata da tambaya, da tambaya zai gyara. Na tsara guda ɗaya, miƙaƙƙiya, marar kwana, wadda ba ta bar wa kuskure ƙofa ba. Zan tara mata a gaban Darakta, in fara da Innata, in ce ta faɗi sunan ɗanta na fari. Sau ɗaya tak a rayuwa, don ceton Gwaggo. Wace uwa ce za ta ƙi?

Ki yi mini addu'a. Wassalam.
Marigayi Ɗayyabu.

*

Illela

Ɗayyabu, salamu alaikum, muna lafiya.

Kada ka kuskura. Ina rubutu ne a tsaye, Tanimun yana ta danna ham a ƙofar lakwal, makarantarmu. Na ce kada ka kuskura. Da ba don an buɗe aji ba, da na zo na zauna a kan rigarka.

Sai na ji daga gare ka.
Hidaya.

*

Gidan Na'Allah, yammacin ranar kasuwa

Zuwa ga Malama Hidaya.

Assalamu alaikum. Ina fata kina cikin lafiyar da ni ba ni da ita.

Takardarki ta iso. Tanimun ya miƙo mini ita bayan an watse, ya ce ya manta ta a ƙarƙashin kujera. Na karanta gargaɗinki kamar yadda ake karanta sunan magani bayan an yi jana'iza.

An taru a gindin itacen bedin da ke gaban likita. Darakta a kujera, majo a gefensa, mai gari da dattawa a tabarma, mata a baya sun cika fili. Gwaggo ba ta zo ba. Na sa sabuwar shaddar, don na ga ba ta da sauran wurin zuwa. Na yi gyaran murya, na yi bayani a kan muhimmancin sahihan bayanai, na kuma juya wajen Innata.

Na ce, “Inna, ki faɗa wa Darakta sunan ɗanki na fari.”

Hidaya, ban taɓa jin shiru irin wannan a ranar kasuwa ba. Har awaki suka saurara. Ta dubi ƙasa. Na ɗauka ba ta ji ba, sai na maimaita da ƙarfi, na ƙara da nuna ƙirjina don in sauƙaƙa mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tsohuwa daga baya ta ce, “Kai, wannan yaro, mi uwarka ta yi maka?” Wata ta ce, “Boko ne ya hau kansa.” Innata ta miƙe, ta bi ta tsakanin mata ta fita, ta bar takalminta ɗaya a wurin. Sauran suka bi bayanta kamar an kaɗa su. Kafin in rufe baki, ba kowa a fili sai maza da takalmin.

Darakta ya ce, “Mushe, na zo jin iyaye, na ga ƙeyarsu.” Ya ce zai kwana a Bazaga, ya dawo gobe bayan sallar Juma'a, daga nan kuma ba ya ƙara ƙona mai a kan maganar.

Na ɗauki takalmin na kai gida. Latifa ce ta karɓa a ƙofa, da cikinta a gaba, ta ce, “Yaya, in ni ce kai, ba na shiga yanzu.” Ban shiga ba.

Ƙafata ta kai ni gidan Gwaggo. Ta riga ta ji komai, har da wanda ya rubuta takardar. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta, shadda cikin ƙasa.

Ta ce, “Ɗayyabu.”

Na ce, “Na'am, Gwaggo.”

“Ɗayyabu, ashe kai ne mai ilimin?”

“Ni ne, Gwaggo.”

“To. Ka ci ƙuli-ƙulin?”

Da ta ɗauki muciya ta rafka mini, da na gode mata. Ta dama fura ta ajiye a gabana, ta ce, “Tawa damuwar mai sauƙi ce, ni tsohuwa ce, na kusa ajiye almakashin da kaina. Amma ba haka na so in ajiye shi ba. Uwarka kuwa, ranar da aka haife ka ko kallonka ba ta yi ba sai da kowa ya fita. Ni na gan ta ta labule tana ƙirga yatsunka. Yau ka tsayar da ita a kasuwa ka ce ta kwance zane.”

Na fito ina tafe ba na gani. A hanya mai shayi ya ce, “Ɗayyabu, sannu da aiki!” Yahuza mai kura ya ce, “Ɗayyabu, an sha rana!” Yara ma suna ta rera shi a bayana. Sai na tsaya cik. Garin nan kaf yana iya faɗin sunana, har ya fi yadda nake so. Mutum ɗaya ce ba ta iyawa, kuma ita na zaɓa in tambaya, har sau biyu, a takarda da kuma a fili.

Ba zan ce na tsara komai ba. Na daina amfani da wannan kalma. Zan dai gwada gobe.

Ki gafarce ni, idan da saura. Wassalam.
Ɗayyabu.

*

Gidan Na'Allah, Asabar

Zuwa ga Malama Hidaya, wadda ta fi ni.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Ki adana layin da ke sama, ba za ki sake ganinsa ba.

Matan ba su so dawowa ba. Sai da mai gari ya aika gida gida cewa na rantse ba zan tambayi kowace uwa komai game da abin da ta haifa ba. Suka zo, suka zauna nesa, kamar masu kallon mahaukacin da aka ce ya warke. Innata tana can ƙarshe. Na sa tsohuwar rigata.

Na ce, “Jama'a, tambayata ga maza da mata ce, amma ba a matsayin iyaye ba. Duk wanda mahaifiyarsa ba ta kiran sunansa, ya taimake ni ya miƙe tsaye.”

Aka dubi juna. Sai Tanimun ya tashi yana karkaɗe wando, ya ce, “Ga gawa ta farko. Wanda ke bi na bashin mota ya yafe.” Dariya ta fashe. Ladan ya miƙe. Yahuza mai kura ya miƙe. Mai gari ya dogara sanda ya miƙe da nishi, yana cewa shi tasa uwar ta rasu ba ta taɓa faɗa ba. Daga cikin mata aka fara tashi, masu goyo da masu furfura. Majo, wanda ya karɓe akwatin, ya dubi hagu da dama, shi ma ya tashi a hankali. Yara 'yan lakwal suka yi ta tsalle suna ɗaga hannu. Ni dama a tsaye nake.

Darakta ya juya ya ga direbansa ma a tsaye. Ya ce, “Har da kai?” Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba a taɓa tambayata ba.”

Sannan na juya ga mata na ce, “Kada wadda ta faɗi nata. Kowace ta faɗa mini na maƙwabciyarta: sunansa, da inda yake.”

Hidaya, ashe abin da suke jira ke nan tun da aka halicce su. Majo ya kasa rubutawa don sauri. “Na Hajo yana Sakkwato yana sayar da ruwa!” “Ta Ai tana aure a Dogarawa, ɗiyanta uku!” “Na wannan yana Agadas, ba ya aiko ko sisi!” Uwar ta rufe fuska tana cewa, “Ke dai Allah ya isa,” tana dariya, sannan ta rama a kan na waccan. Aka bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, har aka cike kowane giɓi.

Akwai waɗanda suka rasu da gaske. Da aka zo kansu murya ta sauka, maƙwabciya ta faɗi sunan a hankali, ta faɗi shekarar, wani ƙyanda, wani zazzaɓin damina yana ɗan shekara uku. Liman ya yi musu addu'a. Ba su fi na tsakiya ko na auta yawa ba, kuma ba ko ɗaya da ya tafi a hannun Gwaggo. Na ga wata uwa tana share ido, na tuna cewa waɗannan ne ya kamata in nema tun farko, na cuɗe su da masu rai har suka ɓace.

Da aka zo gidanmu, maƙwabciyarmu ta nuna ni da haɓa ta ce, “Na Mariyama? Ga shi nan tsaye. Ɗayyabu, wanda ya kashe mu duka.” Fili ya ɗauka da dariya. Na saci kallon Innata. Mayafi a fuska, kafaɗunta suna motsi. Ko kuka ne ko dariya, ilimina bai kai nan ba.

Darakta ya miƙe ya ce a gaban kowa, “Wa ya tsara tambayar farko?” Na ce ni. “Wa ya tsara ta jiya?” Na ce ni. Ya ce, “Ni kuma na sa hannu ban tambayi komai ba. Mu biyu za mu Tawa, kai za ka karanta janyewar, ni in zauna kusa da kai in sha tawa kunyar.” Ya ce duk ƙauyukan za a sake bi, kuma kafin tambaya ta fita daga buro sai an gwada ta a kan tsofaffi mata uku.

Majo ya fito da akwatin. Na ce ni zan kai. Na ɗora shi a ka, na ratsa gari, matattu suna biye da ni suna yi mini kirari. Gwaggo ta buɗe, ta duba almakashinta, ta rufe. Ta ce, “An gode.”

Akwati ya koma, Hidaya. Ko suna ya koma, ban sani ba. Na ji wata a hanya tana cewa, “Ai dai an faɗa.” Dangin mijin Latifa ba su aiko da komai ba tukuna. Innata kuma ta aiko mini da tuwo ta hannun Tijjani, amma ba ta fito ba har na ɗaure jaka. Idan kin je, ki duba mini. Ba na ce ki tambaya ba. Ki duba kawai.

Wassalam. Naki,
Ɗayyabu, mai koyon tambaya.

*

Gidan Na'Allah

Zuwa ga na Konni.

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Hidaya ce ke rubutawa, ni ke faɗa.

Latifa ta sauka lafiya ranar Talata da hantsi, a likita. Gwaggonka ce a kanta, majo yana miƙa mata kaya. Uwar mijin da kanta ta je ta ɗauko Gimbiya. An samu namiji. Daga nan aka wuce da Gwaggon gidan Yahuza, wata tasu ma ta fara naƙuda.

Suna ranar Talata mai zuwa. Uban yaron ya ce sunan kawun jaririn, babban wan Latifa, za a sa masa. Na ce su dai suka sani. Latifa ta riga ta fara ce masa “wannan.”

A zo da goro. A zo da rigar nan mai kyau, an wanke ta ko? Kada a zo da na'ura.

Tuwon da na aika, an ce ba a cinye ba. Ban ji daɗi ba.

Allah ya tsare hanya. Allah ya yi albarka.
Innar su Saminu.

Ƙarin Hidaya: Na ce mata, “Inna, wane suna zan rubuta a bayan ambulan?” Ta ce, “Bar shi haka. Tanimun ya san gidan.”